Ta Ina Wayar Baba Ta Biyo

Mijina sunansa Zayyanu. Na faɗa sau ɗaya don ku san shi, kada wanda ya sake sa ni faɗa. Daga nan Injiniya zan riƙa ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa a gidanmu. Mutum ne da ba ya jin shakkar kowa in dai a kan aikinsa ne. Na sha jin sa a waya yana titsiye manyan ma'aikatan kamfanonin Legas, yana juya musu tambaya ɗaya ta nan ta can har sai sun faɗi gaskiya. Amma ku kai shi zauren mahaifina a Ƙofar Rini ku ga ikon Allah. Tun daga bakin hanya yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can kusa da ƙofa, kansa a ƙasa. In Baba ya ce masa ina gajiya, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji amsar. Ko ruwa bai taɓa sha a gaban Baba ba, ga shi 'yarmu Zulaiha har ta shiga firamare.

Bara ya ajiye aikin da yake yi a Legas muka dawo gida Sakkwato, wai zai buɗe abin da suke kira data senta. Ni ma da farko ban gane ba. Ɗaki ne mai sanyi cike da manyan kwamfutoci, inda asibitoci da makarantu da 'yan kasuwa za su riƙa ajiye bayanansu, su ɗauka ta intanet duk lokacin da suke so, maimakon a kai musu ajiya Legas ko ƙasar waje. Ya kama gini a hanyar Kalambaina, ya sa sola, ya sa janareta, ya jera na'urorin sanyi. Har sai da na ce masa kwamfutocin nan sun fi ni gata, ni da nake fama da mafici a zafin Sakkwato. Ya yi dariya ya ce ai ni ba na lalacewa in na ji zafi, masifa kawai nake yi.

Abu ɗaya ya rage a buɗe wurin, shi ne intanet. Irin wannan wuri ba a waya ake saya masa data ba. Sari ake yi daga masu wayar faiba, wadda ake binnewa a ƙasa tun daga bakin teku har ta iso mana nan. Kuma Injiniya ya ce dole a saro daga wuri biyu, kowanne wayarsa ta biyo hanya daban. In masu gyaran titi suka tsinke ɗaya da katafila, ɗayar ta riƙe wurin. In kuwa duka biyun rami ɗaya suka biyo, rana ɗaya za su mutu, likita ya nemi bayanin marar lafiya ya rasa, kuma daga ranar ba wanda zai sake ba ka amanar ajiya. Na farko ya riga ya zaɓa, wani babban kamfani ne da wayarsa ta biyo hanyar Gusau. Saura na biyu, kuma ƙarfinsa bai kai ya ɗauki na uku ba.

To a nan gizo yake saƙar, don mahaifina, Alhaji Ɗayyabu, sana'arsa ke nan.

Baba ne ya fara buɗe kafe, wato shagon shiga intanet, a unguwarmu, tun ina yarinya, lokacin da mutane ke zuwa kallon farantin kama intanet da ya kafa a saman shago suna tambaya ko Makka ake kamowa da shi. Rabin samarin Ƙofar Rini a wurinsa suka fara taɓa kwamfuta. Da zamanin kafe ya wuce sai ya koma sari: ya saro intanet daga wani babban kamfani, ya ja wayarsa, ya rarraba wa otal-otal da makarantu. Ya ci kasuwarsa ƙwarai. Amma a 'yan shekarun nan sababbin kamfanoni sun shigo sun kwashe masa mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana in ka je shagon sai ka tarar da shi zaune yana jan carbi, ma'aikacinsa yana gyangyaɗi. Wurin Injiniya shi kaɗai zai iya tayar da shagon nan. Baba ya san haka, Injiniya ya san haka, ni ma da nake tsakaninsu na sani.

Baba bai ce uffan ba. Ina zai yi wa surukinsa talla? Sai dai ya sa aka sake fentin shago. Sannan Inna, mahaifiyata, ta kira ni tana raɗa, wai a majalisarsu ta dattawa an tambaye shi ko shi zai ba wa yaron nan layi, bai amsa ba, murmushi kawai ya yi. Wannan murmushin shi ya hana mijina sukuni.

Na ce masa, "Kai ma ka so ka saya gare shi ko?"

Ya ce, "Wallahi Uwani, ba abin da nika so ya wannan. In dai wayar Baba ta hanyar Jega tab biyo, yau yau nika sa hannu. Amma in ta Gusau ta, to da ita da ta farko abu guda na."

"To ka tambaye shi mana."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya tsinka wa Baba mari. Na san dalili, ni ma 'yar kasuwa ta haife ni. A garin nan ɗan kasuwa ba ya faɗin inda yake saro kaya, ko gero ne ko atamfa, kuma mai mutunci ba ya tambaya. Baba ko mu 'ya'yansa bai taɓa gaya mana sunan kamfanin da yake sarowa ba. Balle a ce suruki ya zauna a gabansa yana tuhumar hajarsa. Na ce to ni in tambaya masa. Ya ce ai wannan ya fi muni, Baba zai san shi ya turo ni, a ce ya aiko mace ta binciki ubanta. Na ce a tambayi ma'aikacin shagon. Ya ce kafin mu iso gida maganar ta isa kunnen Baba. Duk da haka na gwada Inna a fakaice, ta ce ita dai ta san wayar tana cikin ƙasa.

Muka zauna a haka, masu son ajiya suna ta kira suna tambayar ranar buɗewa, Injiniya yana ta rama. In na zuba masa tuwo sai ya yi ta zana hanyoyi da yatsa a bakin kwano. Raina ya fara ɓaci. Na ce masa wai shin mutumin da ke sa 'yan Legas in-ina ne wannan, ko an musanya mini shi a mota?

Ran nan da hantsi, ranar Asabar, sai ya shigo da fara'arsa ya ce ya sami dabara. Tunda ba zai iya tambayar Baba ba, zai tambayi wayar. Duk inda aka binne faiba akwai ramuka masu murfin siminti a jere a gefen hanya, inda ma'aikata ke buɗewa su yi gyara. Zai fara daga bayan shagon Baba, ya riƙa ɗaga murfi yana leƙawa, yana bin wayar har ya ga inda ta haɗu da ta babban kamfani. In ta yi gabas, Gusau ce. In ta yi kudu, Jega.

Na ce, "Da girmanka za ka bi kwararo kana leƙen rami?"

Ya ce ba wanda zai gane shi. Ya sa wata tsohuwar riga, ya ɗora malfa, ya ɗauki ƙarfen ɗaga murfi. Ni kuwa na ce ƙafata ƙafarsa, don in rana ta kayar da shi a sami mai kawo shi gida. Ni na tuƙa motar.

Na ajiye shi nesa da shagon, ya lallaɓa ta baya. Ina bin sa a hankali da mota, shi yana tafe yana duban ƙasa. In ya sami murfi sai ya waiga dama ya waiga hagu, ya ɗaga, ya cusa kai, ya fito ya nuna mini gaba da hannu. Don Allah ku faɗa mini, in ku ne kuka ga mutum da malfa da ƙarfe yana waige-waige yana buɗe ramin waya, mota tana bin sa a baya, me za ku ce? Ni ban yi wannan tunanin ba sai da na ga mutane sun fara tsayawa.

Yana cikin wani rami har kafaɗa sai ga Mode, shugaban 'yan sintirin unguwa, da mutanensa da sanduna. Ashe kwanan baya an yi ta satar wayoyi a yankin, suna nan suna dako. Mode ya dafe masa ƙeya tun kafin ya fito.

"Yau dai Allah ya kama ka! Kai na ka hana muna sabis ko?"

Na fito daga mota da gudu, gyalena yana jan ƙasa. "Malam Mode, sake shi! Mijina na!"

Mode ya dube ni, ya dubi mutumin da ya riƙe. Ya san ni tun ina rarrafe, amma Injiniya bai zauna garin ba balle ya san fuskarsa, ga malfa, ga ƙasa ta rufe masa gemu. Ya ce, "Uwani ɗiyar Alhaji? Subhanallahi. Wayar ubanki kunka zo sata ke da mijinki?"

Da Injiniya ya buɗe baki ya yi bayani, da an wuce wurin. Amma me zai ce? Ya ce yana binciken surukinsa ne a ɓoye? Sai ya yi shiru, kansa a ƙasa, shirun nan kuwa ya ƙara tabbatar wa Mode. Ya ce shi ba ya kai surukin Alhaji wurin 'yan sanda, amma ba ya sakin sa sai mai waya ya gani da idonsa. Haka aka tasa mijina a gaba, a ƙafa, tsakar rana, aka ratsa da shi Ƙofar Rini, ni ina biye ina ta masifa ba mai saurarena. Rabin zuciyata kunya, rabi kuwa dariya ce nake dannewa har cikina yana ciwo.

Baba yana zaure ya dawo daga sallar azahar. Da ya ga ayarin sai ya ajiye carbi. Injiniya, ko a wannan hali, sai da ya tsaya ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa a inda ya saba. Mode ya zayyana komai, har da ƙarfen, ya ajiye shi a gaban Baba a matsayin shaida.

Baba ya daɗe yana duban ƙarfen. Sannan ya ce, "Mode, ya yanke wani abu?"

"A'a Alhaji, ba mu ba shi dama ba."

"Daga ina yaf fara?"

"Daga bayan shagonka, shina bi yana yin gabas."

Na ga fuskar Baba ta sauya. Ba fushi ba ne. Wallahi da fushi ne da ya fi mini sauƙi. Ya gane, shi ke nan. Ya yi wa Mode godiya, ya ce aikinsu ya yi kyau, amma wannan ba ɓarawo ba ne, ma'aikaci ne, shi ya san da zamansa. Suka fita suna waiwaye. Zaure ya rage mu uku.

Baba ya ce, "Uwani, ɗauko kujera."

Na ɗauko farar kujerar roba na kai masa. Ya ce ba shi ba, Injiniya. Mijina ya ɗago a firgice ya ce, "Baba, nan ma ya yi."

"Wanda ad durƙushe nan surukina na, kuma ba ni ciniki da suruki. Hau kujera. Mai saye nika son gani."

Ya hau, amma a bakin-bakinta ya ɗosana, kamar an ce masa akwai kunama a tsakiya. Gumi yana bin ƙasar da ke fuskarsa yana sauka a riga.

Baba ya ce, "Abin da kaka tambayar mutanen Legas, tambaye ni. Dut. Kada ka rage."

Injiniya ya cire malfa yana ta murza ta. Na ji kamar in tsunkule shi. Can dai ya yi gyaran murya, da wata 'yar siririyar murya da ban san yana da ita ba, ya ce, "Baba, in layi ya yanke, wa ka gyarawa?"

Baba ya ce in a cikin gari ne, shi da ma'aikacinsa. In a bayan gari ne, sai ya kira waɗanda yake sarowa, su kuma sai sun ga dama.

"In wuta ta ɗauke fa?"

Ya ce akwai batura, amma sun tsufa, ba sa kai wa yamma.

Da tambaya ta uku muryar Injiniya ta fara dawowa. Ya tambayi ko ƙarfin da za a ba shi nasa ne shi kaɗai ko raba shi ake yi da wasu. Ya tambayi ko in wurinsa ya girma Baba zai iya ƙara masa. Ya manta da kansa har ya gyara zama a kujera. Baba kuwa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ni da ban san aikin ba ma ina jin yadda kowace amsa ke rage masa daraja a cinikin, kuma yana sane, bai karkata ko ɗaya ba. Ban taɓa jin ina son mahaifina kamar wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba.

Sai Injiniya ya tsaya. Saura tambaya ɗaya, duk mun san ta. Ya dubi ƙasa.

Baba ya ce, "Ita ce tak kai ka rami. Yi ta."

"Baba, wayarka ta ina tab biyo?"

Baba ya faɗi sunan kamfanin da yake sarowa, sunan da ko Inna ba ta taɓa ji ba. Shi ne dai kamfanin da Injiniya ya riga ya zaɓa na farko. Ya ce, "Ta Gusau. Rami guda, waya guda. In ka saya gare ni, abin da kas saya jiya shi za ka sake saye, sai dai ka biya ni ladan miƙo maka."

Daga cikin gida ina jin Inna tana kiran awaki.

"To, mai saye," in ji Baba, "ka ji haja. Mi kag gani?"

Mijina ya zame daga kujera zai durƙusa. Baba ya ɗaga hannu ya ce ya koma, ba a gama ciniki ba. Ya koma. Na san abin da ke ransa, don na san mijina: yana shirin cewa zai saya, in ya so wurin nasa ya rushe. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya harare ni, na rufe.

Injiniya ya ɗago kai ya dubi Baba a ido. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin ya yi haka ba. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ba ni iya saye."

"Madalla," in ji Baba. Ya ɗauki carbinsa, ya sake ajiyewa. "Wa ad da ta Jega?"

"Kamfanin su Sa'ad."

Sa'ad ɗin nan shi ya kwashe wa Baba mafi yawan makarantunsa, a gidanmu ko sunansa ba a son ji. Baba ya ce, "Layinshi na da kyau. Ka matsa mai kan maganar gyara, shina da saurin alkawari. Tashi ka tahi ka wanke fuska, ka yi kama da mai haƙar rijiya."

Injiniya ya sauka ya durƙusa, ya yi godiya da tsohuwar muryarsa ta suruki, ya ja da baya ya fita. Ni ban iya tashi ba. Ina zaune a gefen tabarma hawaye suna zuba, ina jin haushin kaina, ina jin haushin wayar da ba ta san ta bi ta Jega ba.

Baba ya ce, "Uwani, mi kika yi wa kuka? Mijinki ya iya aikinshi. In da ya saya don kunyata, da kullum anka tsinke waya sai in kasa barci."

Na ce, "To shagon fa, Baba? Da mutanen majalisa?"

"Majalisa ta yi dariya ta gaji. Shago kuwa ya yi zamaninshi, na gode Allah."

Ya dubi ƙofar da Injiniya ya fita. Sai ya rage murya, kamar mai tsoron a ji shi daga waje.

"In an buɗe wurin nan, ki tambayar min shi, ko ana barin mutum shi shiga ciki. Ina jin labarin irinsu tun ina da kafe, ban taɓa ganin ko guda ba."

Na ce, "Haba Baba! Ai kai za ka yi addu'ar buɗewa."

Ya girgiza kai. "A'a, addu'a a bar wa malamai. Ni dai in gani."